Sitod ɗin silinda ya fito da tiredinsa a BMW R100/7: yaya ake ɗaura sabo?

Mai R100 ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da magabata a wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya tsaya mini, kuma ba na so in ci gaba da shi da ka, domin ɓarnar da za a iya yi a wurin ba mai saurin gyaruwa ba ce.

Babur ɗin BMW R100/7 ne na shekarar 1978, mai silinda biyu a kwance, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, cc 980. Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan injin ba, kowace silinda tana zaune ne a kan dogayen sitod huɗu, wato sandunan ƙarfe masu tiredi (haƙoran da noti ke hawa a kai) a kai biyu: kai ɗaya an murɗa shi cikin bulok, sandar ta ratsa silinda da kan silinda da mazaunin roka (ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe), sannan noti ya danne komai daga waje. Akwai kuma wasu gajeru guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ke haɗa kan da silinda kawai, shi ya sa notocin suka zama shida a kowane ɓangare.

Na buɗe ɓangaren hagu ne saboda baƙin mai da ke tsattsafowa daga gindin silinda. Na canza fakin da robobi, na mayar da komai, na fara ɗauri. Notoci biyar sun kama lafiya, sifanar awo, wadda ke auna ƙarfin ɗauri, ta yi ƙas a kan kowanne. Na shidan, wanda ke kan sitod na sama ta wajen gaba, ya fara ƙarfi kamar sauran, sai kawai na ji ya saki a hannuna, yana juyawa da laushi kamar ana murɗa shi cikin sabulu. Na warware komai, na zare silindar, na kama sitod ɗin da yatsu, ya biyo ni ban ma juya shi sau biyu ba. A jikin haƙoransa na ciki akwai wani siririn abu mai sheƙi da ya naɗe shi kamar waya. Na ɓanɓare shi da farce, ya fito a murɗe, tsawonsa ya kai ɗan yatsa.

Na riga na sayi sababbin sitod guda takwas, da niyyar in canza na ɓangarorin biyu gaba ɗaya in huta. Amma kafin in taɓa ko ɗaya ina so in ji daga waɗanda suka yi aikin da hannunsu. Shin daidai ne in cire sauran bakwan, alhali ba su nuna wata matsala ba? Ramin da ya lalace, da me ya fi dacewa a gyara shi, Helicoil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ake sawa a rami don mayar masa da tiredi, ko irin bushin nan mai tiredi ciki da waje? Sannan shi sabon sitod, da wane ƙarfi ake ɗaure shi a cikin bulok, zurfin nawa ake shigar da shi, kuma ana shafa masa Loctite, gam ɗin da ke hana tiredi kwancewa, ko ba a shafawa? Littafin gyaran da nake da shi ya ba da awon notocin kai, amma bai ce komai a kan shigar da sitod ɗin kansa ba. Injin yana kan babur har yanzu, kuma zan fi so kada sai an sauke shi. Na gode.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tsaya a nan. Abu na farko da zan gaya maka, ko da yake ka riga ka sayi kaya, shi ne sitod ɗinka bai gaza ba. Wannan siririn abin da ka ɓanɓare da farce haƙoran bulok ne, su ne suka tsinke gaba ɗayansu suka biyo ƙarfe. Sitod ƙarfe ne, bulok alminiyam ne, kuma duk inda aka haɗa su biyun aka ja fiye da kima, alminiyam ne ke saki. Sabon sitod a cikin wannan ramin, ko da an ƙera shi da ƙarfen da ya fi kowanne ƙarfi, ba shi da abin da zai kama. Aikinka na gaskiya yana cikin ramin.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, kada ka cire sauran. Sitod ɗin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya a zaune cikin alminiyam ya riga ya saba da mazauninsa, kuma duk lokacin da aka murɗo shi waje sai ya ɗebo wani abu daga haƙoran ramin, ko da ido bai gani ba. Na sha ganin wanda ya zo da rami ɗaya da ya lalace, ya ce bari ya canza duka don kyau, ya koma da ramuka uku. Dalilin da zai sa a cire lafiyayyen sitod uku ne a wurina: ya lanƙwashe, ko tsatsa ta ci jikinsa har ta yi ramuka, ko tiredin wajen noti ya mutu. Ɓangaren dama kuwa, tunda ba ya yoyo, ko murfinsa kada ka buɗe saboda wannan.

Sai dai kada ka yarda da sauran ukun na hagu don kawai sun kama a karon farko. Ka gwada su yanzu da silinda take waje. Ka samo bututun ƙarfe mai kauri wanda sitod zai shige cikinsa, a yanke shi daidai tsawon silinda da kai da mazaunin roka idan an haɗa, bakinsa biyu su zama a daidaice. Ka sa faffaɗar washa mai kauri a gindi don kada bututun ya yi wa fuskar bulok tabo, ka sa wata a sama, ka ɗaura noti, ka ja shi a hankali har 35 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Wanda ya riƙe, ka bar shi inda yake. Wanda zai saki, gara ya saki a kan bututu da ya saki bayan ka sa sabon fakin ka rufe komai.

Ina da tambaya guda gare ka: a kan wane layi ka saita sifanarka? Yawancin sifanonin awo suna da layi biyu a jiki, ɗaya Nm ɗaya lb-ft. Awon notocin kan wannan injin 35 Nm ne, wanda ya yi kusan 25 ko 26 a layin lb-ft. Idan mutum ya ga 35 a littafi ya saita 35 a layin lb-ft, to ya ɗaure da 47 Nm ke nan, ya ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan abin da aka ce. Tiredin da ya tsufa ba ya jure wannan. Kuma ka tuna cewa ɗaurin da ka yi da sanyi ba shi ne iyakar jan da sitod ke sha ba, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, don haka duk lokacin da injin ya yi zafi silinda da kai suna ƙara tsawo fiye da sitod, suna ƙara jansa daga cikin bulok. Injin da iska ke sanyaya shi ya yi wannan zafi da sanyi sau dubbai tun 1978.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a bayaninka. Ka ce sitod na sama ne. A wannan injin, baƙin man da ke zuwa wa rokoki ta jikin sitod biyu na sama yake bi. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa a cikin ramin, kusa da bakinsa, wadda mai ke fitowa ta cikinta, ya bi ratar da ke tsakanin sitod da ramin silinda har ya isa kai. Ƙananan zobban roba biyun nan da ka canza a gindin silinda, aikinsu ke nan, su hana wannan man zubewa waje. Ka ɗauki tocila ka leƙa ramin, ka nemo ƙofar, ka zura siririyar waya ka tabbatar ka san inda take kafin diril ya kusanci wurin. Duk gyaran da ya toshe ta, ko da Helicoil ne ko bushi ko gam, zai ba ka sitod mai ƙarfi da roka busasshiya, kuma ba za ka sani ba sai ƙarar ta fara.

Mai Aikin Lada ya rubuta:

Na yarda da duk abin da Baba ya faɗa, sai dai in ƙara bayani a kan huda da yanka tiredi, domin a nan ne na fi ganin ana asara.

Tiredin sitod ɗin M10 ne mai tazarar milimita 1.5 tsakanin haƙori da haƙori. Helicoil na wannan girman yana buƙatar a buɗe ramin da bakin diril na kusan milimita 10.4, sannan a yanka da taf ɗinsa na musamman (ƙarfen yanka tiredi a cikin rami) da ke zuwa cikin kwalin, ba taf ɗin M10 na yau da kullum ba. Shi Helicoil waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa wadda aka naɗe, bayanta yana kama sabon tiredi mai faɗin kusan milimita 12, cikinta kuma ya dawo M10. Wannan ƙarin faɗin shi ya sa ramin da aka gyara da kyau yakan fi na asali ƙarfi, tunda jan ya bazu a kan alminiyam mai yawa. Amma tsawo ne ke da muhimmanci. Wanda ke zuwa a yawancin kwalaye gajere ne, milimita 15, ya dace da murfi ko ƙaramin bolti. A alminiyam, ga abin da ke ɗauke da irin wannan nauyin, ina neman kamun da bai gaza ninki biyu na kaurin sitod ba, wato milimita 20, kuma idan zurfin ramin ya ba da dama na fi son na 25. Ka auna zurfin tiredin asali tukuna, ka cire tazarar da ke tsakanin bakin rami da ƙasan ƙofar mai, abin da ya rage shi ne wurin da kake da shi.

Game da bushi mai tiredi ciki da waje, irin su Time-Sert, abu ne mai kyau kuma ina amfani da shi a wurare da yawa. Matsalarsa a nan ita ce yana da leɓe a sama wanda ke zama a bakin rami, daidai yankin da ƙofar mai take, kuma jikinsa a rufe yake. A ramin ƙasa ba ni da ja. A ramin sama kuwa Helicoil ya fi sauƙin sarrafawa, domin kana iya nutsar da shi har naɗinsa na ƙarshe ya wuce ƙofar, ka gan ta a buɗe da idonka.

Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne miƙewar rami. Kada ka huda da diril ɗin hannu kana dogara da ido. Yi lissafin da kanka: idan ramin ya karkace da digiri 1 kacal, a nisan milimita 250 kan sitod zai kauce da fiye da milimita 4. Silinda ba za ta shiga ba sai an tanƙwara sitod, kuma sitod ɗin da aka tanƙwara yana jan gefe ɗaya na tiredi fiye da ɗayan, sai a sake dawowa gidan jiya. Ana yin wani farantin ƙarfe mai kauri, mai ramuka huɗu daidai da na silinda, a zura shi a kan sauran sitod ukun a ɗaure shi a fuskar bulok, rami na huɗun kuma yana da bushin jagora biyu, ɗaya na diril ɗaya na taf. Idan ba ka da shi, mai aikin lada zai iya ƙera maka ta hanyar ɗaukar awo daga gindin silindarka. Da wannan farantin ba sai ka sauke inji ba, tunda fuskar bulok a gefe take, a sarari. Kuma da yake abin da za a cire kaɗan ne, ragowar tsohon tiredi kawai, ni nakan juya bakin diril ɗin da hannu a cikin mariƙin taf, domin injin huda yakan fizgi alminiyam ya nutse kafin mutum ya ankara. Ka naɗa salatif a jikin bakin a matsayin alamar zurfi.

Sai ɓurɓushi. Ka tallafi sandar fistan da tsumma don kada ta faɗo ta daki bakin bulok, ka toshe babbar ƙofar silinda da tsabtataccen ƙyalle, ka liƙe gefensa. Ka zura waya cikin ramin sitod ka ji ko a toshe yake a ƙasa ko ya ɓulle ciki, domin idan ya ɓulle, duk abin da ya faɗa ciki cikin mai ya faɗa. Ka cusa ɗan giris a 'yar ƙofar mai, ka cika ramukan taf da giris, ka yi juyi biyu ka fito da shi, ka goge, ka sake shafawa. Aikin yana da gajiyarwa, amma giris ɗin da ka goge za ka gan shi cike da ƙyalƙyalin alminiyam, wanda da ba don shi ba da a cikin inji yake. Bayan ka gama, ka zaƙulo giris ɗin ƙofar da waya, ka wanke ramin. Kada ka hura iskar kwamfireso kai tsaye cikin ramin sama, za ka tura datti cikin hanyar mai. Ƙaramin harshen da ke ƙasan Helicoil, wanda ake karyawa bayan an shigar, ka ciro shi ka riƙe shi a tafin hannunka kafin ka ce ka gama.

Mai R100 ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, da kai da Malam Mai Aikin Lada. Na je na duba sifanar, kuma yadda Baba ya zata haka ne, a kan 35 na layin lb-ft na same ta. Na kuma ga ƙofar man, tana nan kusa da baki, waya ta shiga.

Na yi gwajin bututu jiya. Biyu sun riƙe 35 Nm ba motsi. Na ƙasa ta wajen baya ya fara santsi tun kafin a kai 30, don haka ramuka biyu zan gyara. Akwai kuma wani abu da na lura da shi: na sama ta wajen baya, wanda ya riƙe, tiredinsa na wajen noti ya ɗan cinye, notin yana rawa a kansa. Shi kam ina ganin ya shiga cikin dalilan da Baba ya lissafa. Yaya zan cire shi ba tare da na ɓata raminsa ba? Kuma har yanzu ina jiran bayani a kan zurfi da Loctite.

Ɗan Gareji ya rubuta:

Malam, a kan cirewa, noti biyu ne hanya. Ka ɗaura noti biyu a kan sitod, ka matse su da juna da sifana biyu, sannan ka juya na ƙasan, shi zai taho da sitod. Idan tiredin ya cinye har notocin suna zamewa, tunda sitod ɗin na jefarwa ne, kana iya sa a yi wa noti walda a kansa, bayan an cire waya daga batir an kuma rufe bakin bulok da kyau. Kafin ka juya, ka zuba man kwance tsatsa a gindinsa ya kwana, ka gasa alminiyam ɗin da ke kewaye da shi da na'urar hura iska mai zafi har ya kai yadda ɗigon ruwa zai yi cuu a kansa, wato wajen digiri 100. Alminiyam zai buɗe ya sassauta kamu. Idan ya motsa, kada ka yi ta juyawa gaba ɗaya: kwata waje, kaɗan ciki, ƙarin mai, haka har ya fito. Idan ka ji ya fara ƙarfi maimakon sauƙi, ka tsaya ka sake gasawa, alama ce yana tattaro alminiyam a haƙoransa. Kuma ko da wasa kada ka kama jikin sabon sitod da filaya, domin tabon haƙorin filaya a jikin sandar da ke shan ja da saki kullum, daga nan tsagewa ke farawa.

Ramin da ka cire shi, ka share shi da tsohon bolti M10 da aka yi wa tsaga biyu a tsaye da zarto. Taf mai kaifi yana yankar nama, kai kuwa datti kawai kake so ya fita.

A kan Loctite, ni ina sawa. Shuɗin nan mai lamba 243, ɗigo ɗaya. Dalilina shi ne wata rana za a kwance notin kai don gyara, kuma idan noti ya kama sitod fiye da yadda bulok ya kama shi, sitod ne zai juyo, tsawonsa ya canza ba ka sani ba. Jan Loctite mai lamba 271 kam kada ka kusance shi, sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 yake saki, kuma wanda zai zo bayanka zai sha wuya.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Bayanin cirewa ya yi daidai, ɗana, ba ni da ƙari. A kan Loctite ne muka ɗan bambanta. A sitod na ƙasa, ɗigo ɗaya na shuɗin ba ya ɓata komai, in dai a jikin sitod aka sa shi, a haƙoran tsakiya, ba a tsiyaya shi cikin rami ba. Ruwa kowane iri, mai ne ko gam, idan ya taru a ƙasan ramin da yake a toshe, sitod zai matse shi kamar fistan, kuma hakan yana iya tsaga bulok. A na sama kuwa ni ba na sawa ko kaɗan, domin abin da ya yi rara sama yake tahowa yayin da sitod ke shiga, kuma a saman ne ƙofar mai take. Damuwarka ta juyawar sitod gaskiya ce, amma maganinta mai sauƙi ne: a ja layi da fenti a kan sitod, a kan goshinsa na waje, duk lokacin da aka taɓa noti a duba ko layin ya juya.

Malam, ga amsar tambayarka ta ƙarfi da zurfi, kuma ita ce dalilin da littafinka ya yi shiru. Ba a ɗaure sitod a cikin bulok da awo. Ana zaunar da shi ne a kan tsawo. Ka auna daga fuskar bulok zuwa kan lafiyayyen sitod ɗin da ba ka taɓa ba, ka rubuta, shi ne awonka. Ka jera sabo da tsoho a kan tebur ka tabbatar tsawonsu ɗaya, tsawon tiredinsu ɗaya, kuma kan da ya shiga bulok a tsohon shi ne zai shiga a sabon. Ka gangara sabon a kan gilashi ka ga ko a miƙe yake. Sannan ka fara murɗa shi da yatsu. A rami mai tsabta ya kamata ya yi nisa da yatsu kawai. Idan ya cije a juyi na biyu ko na uku, ka fito da shi ka nemi dalili, kada ka sa masa ƙarfi. Ragowar ka ƙarasa da noti biyu, kana aunawa, ka tsaya daidai kan awon. Idan ka danna shi har ya daki ƙasan rami ko ƙarshen tiredinsa ya cusa cikin bakin Helicoil, ka ɗora wa haƙoran nauyi tun kafin noti ya fara nasa jan. Idan kuma ka bar shi ya yi tsawo a waje, kamunsa a ciki ya ragu, sannan noti yana iya kaiwa ƙarshen tiredi ya tsaya, sifana ta yi ƙas alhali kan silinda bai dannu ba.

Abin da ke riƙe sitod shi ne jan da noti ke yi masa. A 35 Nm, noti M10 yana jan sandar da nauyin da ya kai wajen tan biyu, har ta ƙara tsawo da kusan rabin milimita, kuma wannan miƙewar ce ke danne fakin. Mafi yawan ƙarfin da kake sawa a sifana, wajen kashi 90 cikin 100, a gogayyar tiredi da ƙasan noti yake ƙarewa, shi ya sa abin da ka shafa yake canza lissafi ƙwarai. Ni ɗigon baƙin mai nake sawa a tiredi da fuskar noti, kuma ba na wuce 35. Giris mai santsi sosai, irin mai moli, yana iya ƙara jan da rabi a kan awo ɗaya, kada ka sa shi a nan.

Wajen rufewa, ka kawo fistan sama a bugun matsi, alamar OT, mai nuna fistan ya kai ƙarshen sama, ta bayyana a tagar fulawil, ka sassauta sukurorin saita bawul. Ka mayar da kowace roka yadda ka same ta, domin sandarta tana da ƙofar mai, idan aka kifa ta mai ba zai shiga ba. Ka ɗaure a mataki uku, 15 sannan 25 sannan 35, kana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ka saita bawul, tunda ɗaurin kai yana canza ratarsu. Kafin ka sa murfi, ka cire fulogogi, ka mayar da su cikin hulunansu ka jingina su da jikin inji, ka juya injin da sitata har ka ga mai yana fitowa a rokoki biyun, ta shiga da ta fita. Idan ɗaya ta jiƙe ɗaya ta ƙi, kada ka tayar da injin. Bayan kilomita 1,000, da injin a sanyaye, ka sassauta kowane noti kwata ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da shi 35, ka sake duba bawul.

Mai R100 ya rubuta:

Malamai, ga yadda aka ƙare. An ƙera mini farantin jagora, na gyara ramuka biyun ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaure farantin a kan sitod ɗin da ke tsaye, kuma sai da na gama su sannan na cire na ukun. Na sa Helicoil mai milimita 20 a ramin sama, naɗinsa na ƙarshe ya zauna a ƙasan ƙofar mai, waya tana shiga ƙofar ba cikas. Na ƙasan ya ɗauki mai 25. Harsunan biyu duk na ciro su. Sitod na ukun ya fito da zafi da noti biyu, raminsa lafiya lau, bolti mai tsaga ya fito da baƙin datti kawai.

Sababbin ukun sun shiga da yatsu har kusan ƙarshe, na daidaita tsawonsu da na tsohon da ya rage, bambancin bai kai rabin milimita ba. Na sa ɗigon shuɗi a na ƙasa, na bar na sama haka nan, na ja musu layin fenti duka huɗun. Na bar shi ya kwana, na sake gwajin bututu, duk sun riƙe 35 Nm. Bayan na haɗa, na juya da sitata, rokar baya ta jiƙe nan da nan, ta gaba kuwa, wadda ke kan ramin da aka gyara, sai a juyi na uku na sitata na ga man ya kunno daga gefenta ya gangaro kan sifirin ɗin bawul. Na canza mai da filta bayan tafiyar farko, ban ga ƙyalƙyali a ciki ba, gindin silinda kuma a bushe yake. Sauran sitod biyar suna cikin takardarsu, ɓangaren dama ban taɓa shi ba. Yanzu ina kan kilomita 300, idan na cika 1,000 na sake ɗauri zan dawo in faɗi ko layin fentin ya motsa.